Gadar jirgin ƙasa a zaurena: littafin aikin dogon kariya

Asabar, 1 ga Nuwamba, 2025

Yau na sayo kayan farko. Abin da zan gina samfurin gadar jirgin ƙasa ne irin ta zamanin da, mai bangon ƙarfe hagu da dama, da ɗan rami a cikin dutse a gaba da ita, domin baje kolin ɗalibai a zango na biyu. Fasaha nake koyarwa a ƙaramar sakandare a nan Kaduna, kuma na gaji da zana gada a allo yara suna hamma.

Duk wanda ya taɓa kallon hoton tsohuwar gadar jirgi daga sama zai ga ƙarfe huɗu a shimfiɗe maimakon biyu. Biyu na waje suna ƙyalli don su jirgi ke takawa. Biyu na ciki sun yi jajir da tsatsa, wili ba ya hawa kansu, kuma bayan an wuce gadar sai su karkato su haɗe a tsakiya. Na cikin nan su ne dogon kariya, kuma saboda su nake wannan wahala. So nake yara su ga aikinsu da ido, wato zan riƙa tunkuɗe tarago daga kan layi da gangan.

Ma'aunina kashi ɗaya cikin 24. Tsohon layinmu da ya isa Kano a 1911 faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, milimita 1,067, in an raba da 24 ya tashi 44 da rabi. Shi na zaɓa a kan sabon na Abuja zuwa Kaduna mai milimita 1,435, don shi yaran suka sani, wasunsu ma sai sun tsallaka shi suke zuwa makaranta.

A kasuwar Panteka: filawud falle ɗaya N19,000, sandunan alminiyam na masu haɗa taga, kaurin milimita 2 da faɗin 10, N15,000, gam da sukuru N5,500, keke N1,500. Jimla N41,000. Guntayen katako kafintan layinmu ya ba ni kyauta.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Yankan silifa, wato katakan da dogo ke kwanciya a kansu. Kowanne tsawon milimita 92, kauri 9. Aikin gundura ne, bayan isha'i nake yi ina jin rediyo.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na karɓo wili takwas daga wajen tana, wato mai sassaƙa ƙarfe da inji, sai dai ban dawo da fara'a ba. Na zana masa komai a takarda: faɗin wili milimita 7, daga ciki 2 na leɓe ne, wato bakin nan da ke leƙawa ta cikin dogo ya hana wili zamewa. Da na ɗora rula, wasu leɓen ya kai 3, kuma tazarar da ke tsakanin wili biyu a kan sanda ɗaya ba ta zo ɗaya ba. Ɗaya sandar ma in an gangara ta a kan tebur sai ta riƙa yin kwana.

Na koma masa. Ya ce, "Haba Malam, ai abin wasan yara ne, wa zai auna?" Na ce masa milimita ɗaya a nan kusan inci guda ne a jirgin gaske, kuma duk gwajin da zan yi a kan milimita biyu zuwa uku yake rataye. Ya yi dariya ya karɓa, amma da sharaɗin in ƙara N4,000 a kan N12,000 na farko. Na ƙara. Ba ni da wani zaɓi, shi kaɗai ya yarda ya taɓa aiki ƙarami haka.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Wilin sun dawo daidai. Dabarar shimfiɗa dogon mai sauƙi ce: in tsaga kowane silifa da zarto, in tsayar da sandar alminiyam a cikin tsagin, ta kama kanta. Sai da na sayi sabon bakin zarto na N2,000 kafin tsagin ya fita da kaurin da nake so.

Da la'asar Kawu ya zo. A gyaran layi ya yi aikinsa a reluwe, yawanci a wajejen Kafanchan, har ya yi ritaya. Ya tsuguna ya daɗe yana kallon alamar fensir da na yi ta inda dogon ciki zai zauna, sannan ya ce, "Ɗana, wanne kake nufi? Ai iri biyu ne."

Bayaninsa ya fi duk abin da na karanta fita. Akwai wanda ake sakawa a kwana mai tsanani da wurin sauya layi. Shi manne yake da dogon tafiya, ratar ba ta kai inci biyu ba, iyakar inda leɓen wili zai wuce. Kullum wili na gogarsa, shi ya sa gefensa ke sheƙi, kuma aikinsa ya hana jirgi gocewa tun farko. Na gada ba haka yake ba. Ratarsa babba ce, kusan taƙi guda, don wilin gaba ɗayansa ya faɗa ciki. Ba rigakafi ba ne. Wanda ya shimfiɗa shi ya riga ya sallama cewa wata rana jirgi zai sauka daga kan layi, abin da yake nema kawai kada saukar ta zama faɗawa kogi.

Ƙa'idar reluwen Indiya ta yi daidai da maganar Kawu: a babban layinsu ratar wajen milimita 250 ce, a layi mai faɗin mita ɗaya kuwa, wanda ya fi kusa da namu, wajen 200. A ma'aunina ta zama milimita 8 da ɗoriya kaɗan. Na yanke shawarar yin guntayen layi uku na gwaji, mai rata 4, mai 8 da mai 15, don yara su ga bambancin da kansu.

Na tambaye shi, "Kawu, sabon ƙarfe ake sawa?" Ya ce ina, tsohon dogo ne da ya cinye aka cire daga babban layi, tunda ba nauyi zai ɗauka ba. Ya ƙara da cewa su leburori ba ƙaunarsa suke ba: in za a canja silifa ɗaya, ƙusoshin dogo huɗu za a zare maimakon na biyu, ga shi yana tare wa mai cusa tsakuwa hanya.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Bangon gadar biyu sun tashi, da siraran katako da gam. Tsawon gadar santimita 120, daidai da wajen mita 29. Tarago ɗaya ya hau ƙafafunsa. An ɗauke wuta tun magariba, da fitilar waya na ƙarasa.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Ranar gwajin farko. Na kafa gangara a gaban gadar don taragon ya zo da gudunsa, na manna ɗan tsinke a kan dogon dama, ta yadda in wili ya taka shi zai yi tsalle ya sauka ta waje. A ƙasa na shimfiɗa tsohon bargo. Ɗan yayana da ke aji biyu shi ne mai sakin tarago, ni kuma na kwanta rub da ciki, idona daidai da dogo.

Babu dogon kariya: taragon ya sauka, ya yi ta karkata dama, kafin tsakiyar gada kafaɗarsa ta daki bango ta ɓalle katako biyu. Da mai rata 4, wilin bai samu wurin faɗawa ba, sai ya hau kan dogon kariyar ya tsallake shi, sakamakon bai bambanta da na farko ba. Da mai 15 ya faɗa ciki lafiya, amma kafin ya kai ga ƙarfen ya riga ya matsa da yawa, jikinsa na kankarar bango. Mai 8 ne ya yi aikin. Taragon ya sauka, ya yi ƙara kakaf-kakaf a kan silifa, ya wuce a miƙe har ya tsaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina yaron ne ya fara ganinsa. Ya ce, "Baffa, ai na hagu ne ya riƙe shi." Haka ne kuwa. In tarago ya goce dama, wilin dama waje yake faɗawa, babu abin da ke tare shi. Wilin hagu ne ke faɗawa tsakanin dogonsa da dogon kariya, bayansa ya jingina da ƙarfen, sandar da ta haɗa wilin biyu ta riƙe sauran. Ke nan ƙarfen da ya fi nesa da haɗarin shi ne mai ceto. Wannan ne dalilin da ya sa a wuraren da haɗarin ta gefe ɗaya yake, kamar bakin kwazazzabo, wani lokaci ƙarfe ɗaya tak ake sawa, a jikin dogon da ke can ɗaya ɓangaren. Na cire na dama na sake gwadawa, babu abin da ya canja. Wannan shi zan fara nuna wa ɗalibai, bayan na sa kowa ya yi hasashe a takarda.

Mutanen da suka fara dagewa kan wannan ƙarfe ba don ƙawa suka yi ba. A wancan zamani wili na fashewa a kan tafiya, taragai kuma na katako ne. Ranar 18 ga Disamba, 1867, a wani gari mai suna Angola a jihar New York ta Amurka (ba Angola ta Afirka ba), taragon ƙarshe na wani jirgin fasinja ya sauka daga layi a wurin sauya hanya, gab da gadar wani rafi. Jirgin ya ja shi a haka har kan gadar, taragai biyu na baya suka rufta ƙasa, murhun ɗumama ɗaki ya kama ɗayan da wuta, kusan mutum 50 suka mutu. Shekara bakwai bayan nan, jajibirin Kirsimeti na 1874, a Shipton-on-Cherwell kusa da Oxford a Ingila, zoben ƙarfen wilin wani tsohon tarago ya tsinke, taragai suka gangara ƙasa wajen gadar wata hanyar ruwa, mutum 34 suka rasu. A duka biyun ba gadar ce ta jawo gocewar ba. Matsalar ta faro tun baya, gadar ce kawai wurin da babu ƙasar da za ta tare abin da ya goce.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Mako mara daɗi. Hunturu ya shigo, katakon da kafinta ya ba ni ashe bai gama bushewa ba. Silifa suka tsuke, tsagin ya saki dogon a wurare da dama, gam ɗin da ya riƙe su a jikin gadar ya riƙa ɓantarewa da an taɓa.

Ban lura da girman abin ba sai da na sa duwatsu a cikin taragon don ya yi nauyi, na sake shi. Wilin da ya sauka ya faɗa tsakanin silifa biyu, ya tura na gaba, na gaba ya tura na gabansa, suka taru wuri guda su biyar. A bayansu rami ya buɗe, ƙafafun baya suka zurma, taragon ya tsaya da gindinsa a rataye. Dogon kariyar yana nan bai motsa ba, amma katakan da ya kamata su riƙe shi sun gudu daga ƙarƙashinsa.

Na kira Kawu a waya na ba shi labari, ya yi ta dariya. Ya ce abin da ya same ni shi ke samun gadar gaske mai buɗaɗɗen ƙasa, irin wadda in ka leƙa tsakanin katakai kana hango ruwa. Shi ya sa silifan gada suka fi na fili kauri kuma suka fi kusa da juna. A tsofaffin gadojin Amurka har dogon katako suke shimfiɗawa a bakin silifa ta waje, hagu da dama, su yi masa gurbi ya zauna a kan kowanne, su ɗaure da noti. Mutane da yawa in sun gan shi a hoto sai su ɗauka shi ke tare wili. Babban aikinsa ya hana katakan haɗuwa wuri ɗaya.

Na kwance saman gadar gaba ɗaya. Na rage tazarar silifa daga milimita 12 zuwa 5, yadda wili ba zai samu gurbin nutsewa ba, wato sai da na yanka ƙarin wasu masu yawa. Kowanne na shafa masa banish ya bushe kafin in tsaga, na kafe shi da ƙaramar ƙusa ban da gam, sannan na ɗora dogon katakon nan a baki biyu. Banish da ƙusa N4,500. Babban yatsana na hagu ya sha guduma.

Alhamis, 4 ga Disamba

Jarrabawa ta kankama, makin takardu ya cinye dare. Ban taɓa komai ba sai share ƙura.

Lahadi, 7 ga Disamba

Sabon saman ya jure tarago mai duwatsu. Yau na koma kan bakin dogon kariyar, inda yake farawa.

Da farko na bar su a miƙe, yankakku, daidai bakin gada, don in ga me zai faru. Sai na matsar da tsinken baya sosai, yadda taragon zai yi tafiya a goce kafin ya iso. Kafin ya zo wilin hagu ya riga ya wuce ratar milimita 8, saboda haka bai shiga ba. Wani zubin ya bi ta cikin ƙarfen kamar babu shi, wani zubin kuma ya yi karo da yankakken bakin, taragon ya ɗaga baya ya kife. A wannan hali ƙarfen ɓarna ya ƙara.

Maganin shi ne abin da ake gani a hotuna. Na ja ƙarafan biyu suka zarce gadar da santimita 30, na lanƙwasa su a hankali suka haɗe a tsakiyar layi kamar goshin kwalekwale. Yanzu wilin da ya yi nisa yana samun gefen goshin, ya bi shi, ya dawo cikin ratarsa kafin a hau gada. Lanƙwasar tana son tsawo. Da na gwada gajere, wilin hawa ya yi maimakon ya bi.

Akwai iyakar da na gano da rula. Rabin faɗin layina milimita 22 ne. Muddin bayan wilin hagu bai kai tsakiya ba, goshin zai dawo da shi. In ya riga ya wuce tsakiya, ɗaya gefen goshin zai kama, ƙarfen da kansa ya ƙara tura taragon waje. Ba na jin akwai dabarar da za ta kauce wa wannan, kuma zan bar shi a cikin nunin, kada yara su tafi da tunanin cewa ƙarfen nan ba ya kasawa.

Tsinin goshin na danne shi ƙasa na rufe da guntun katako mai gangara. A Indiya ma ƙa'ida ce a lanƙwasa bakin a binne, don kada ƙugiya ko sarƙar da ke reto a ƙarƙashin jirgi ta sarƙafe shi. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna Eschede a Jamus, 3 ga Yuni, 1998. Zoben wilin jirgi mai gudun tsiya ya tsinke ya maƙale a ƙarƙashin tarago, da aka zo wurin sauya layi ya tsinko irin ƙarfen nan na manne, ƙarfen ya huda cikin taragon ya ɗaga ƙafafunsa daga kan dogo. Tarago ya daki ginshiƙin gadar mota da ke sama, gadar ta rufto, mutum 101 suka mutu.

Tsayi kuma na daidaita shi da dogon tafiya, ko ƙasa da shi da milimita ɗaya. Da na gwada wanda ya fi haka gajarta, wili tsallake shi yake yi.

Asabar, 13 ga Disamba

Dutsen ramin: ƙashi na katako, ragar waya a kai (N3,000), tsofaffin jaridu, sai farar hodar silin da na dama na shafa (N6,000). Layin yana yin kwana a cikin ramin, don teburin bai isa a miƙe ba. Rufin na yi shi mai ɗagawa, saboda a ga ciki.

Talata, 16 ga Disamba

Dutsen ya tsattsage, iska ta busar da shi da wuri. Uwargida ta ce in rufa masa jiƙaƙƙen buhu kamar yadda magina ke yi. Na sake shafe da siminti da yashi mai laushi, N3,500, na rufa buhun. Ya yi nauyi fiye da yadda na so.

Lahadi, 21 ga Disamba

Tambayar da na kwana biyu ina juyawa: a sa dogon kariya a cikin ramin ko a bari?

A gada amsar a fili take, akwai inda za a faɗa. A ramin dutse mai layi ɗaya babu. Bangon na kusa, shi kansa yana tare tarago. Da na goce taragon a tsakiyar ramin, jingina ya yi da bango ya gurza ya tsaya a tsaye. Ɓarna ce, amma ba irin ta gada ba. Ko a ramin Gotthard na Suwizalan, mai tsawon kilomita 57, da wilin jirgin kaya ya fashe ranar 10 ga Agusta, 2023, ba a rasa rai ba. Layin ne ya lalace na kilomitoci, har sai Satumban 2024 zirga-zirga ta koma yadda take.

Da na matsar da tsinken zuwa gaban ramin sai labari ya canja. Taragon ya zo a karkace, kusurwarsa ta daki bakin ramin gaba da gaba, ya tsaya cak, duwatsun cikinsa suka watse har ƙofar zaure. Bango mai santsi da ake gurza daban, kusurwar da ake karo da ita daban. Haka abin yake ga duk wani ginshiƙi da ke tsaye kusa da layi, ko a ramin jiragen cikin birni inda ginshiƙai ke riƙe da rufi, ko a ƙarƙashin gadar mota. A Granville, cikin birnin Sidni na Ostareliya, ranar 18 ga Janairu, 1977, kan jirgi ya goce a kwana ya kwashe ginshiƙan gadar titin Bold, gadar ta faɗo kan taragai, mutum 83 suka mutu. Bincike ya ɗora laifin a kan rashin kula da layin, ƙarafan ba su ɗauru da kyau ba. Da na karanta wa Kawu wannan sai ya ce, "To ka gani. Ƙarfe huɗu a kan ruɓaɓɓen katako ai duk ɗaya ne da babu."

Saboda haka na sa dogon kariya daga gaban bakin ramin, ya shiga ciki ya rako kwanar, ya ƙare. Miƙaƙƙen sashen na bar shi haka. A ganina wannan ya fi gaskiya a kan in shimfiɗa shi ko'ina don ya yi kyau a ido.

Ɗan yayana ya nace sai mun ɗaga gangarar mun ga gudu. Muka ɗaga. A kwanar taragon bai ma sauka ba, kifewa ya yi ta waje, wilin ciki ya tashi sama ya bar ƙarfen a ƙasa. Irin haka ne ya faru a titin Malbone na Brooklyn ranar 1 ga Nuwamba, 1918. Direbobi na yajin aiki, aka ba wanda bai goge ba jirgi, ya shiga kwanar bakin rami da aka ƙayyade wa mil 6 a awa da gudun da ya haura mil 30. Taragan katako suka tarwatse a jikin bangon kankare, aƙalla mutum 93 suka mutu. Dogon kariya wilin da ke ƙasa yake kamawa, wanda ya tashi sama ya fi ƙarfinsa.

Lahadi, 28 ga Disamba

Fenti: gada baƙa, dogon ciki ruwan tsatsa, na waje na bar shi da ƙyallinsa. N7,000.

Rana irin ta yau, ita ma Lahadi, a 1879 gadar Tay da ke Dundee a Sikotilan ta rufta da jirgi a cikin guguwa, babu wanda ya tsira. Waɗanda aka tabbatar 59 ne, wasu na kai adadin 75. Abin da ya sa na kawo ta nan shi ne tana da dogon kariya. An faɗa a gaban kwamitin bincike cewa yana ta cikin dogon tafiya, ya ma ɗan fi shi tsayi. Injiniyanta Thomas Bouch ya kafe cewa tarago ne ya goce ya daki ƙarfen gadar, amma binciken ya kama ginin da kansa: ba a yi wa iska lissafin kirki ba, aikin ƙarfen ginshiƙan kuma ba shi da inganci. Gadar da ta maye gurbinta a 1887 William Arrol ne ya gina, kuma kamfaninsa ne daga baya ya gina gadar Binuwai a Makurɗi da aka buɗe a 1932. Kafin ita a jirgin ruwa ake tsallakar da taragai. Wannan zan rubuta a kwalin bayani, don yara su san labarin bai yi nisa da mu ba.

Na kunna fanka a gefen gadar da ƙarfinta na ƙarshe. Taragon da babu kaya ya jingina da dogon da ke nesa da fankar yana ƙara, mai duwatsu ko gezau. Gadar ce ta ɗan yi rawa, sai na ƙara mata sanduna a gicciye tsakanin ƙafafu.

Asabar, 3 ga Janairu, 2026

Lissafi zuwa yau N83,000, duk daga aljihuna. Na rubuta takardar neman a mayar mini da rabi, ban sa rai sosai ba.

Abin da ya rage: tarago na biyu da na uku da ƙugiyar haɗa su, don gwajin tarago ɗaya bai nuna yadda na baya ke turo na gaba ba, kuma ina zargin goshin nan zai sha wuya in nauyi ya biyo baya. Wannan na nufin komawa wajen tana da wili goma sha shida, sai na fara jin farashi. Dogon kariyar gadar zan mayar da shi mai zarewa, yadda ɗalibi zai cire ya mayar da hannunsa ba tare da ya tsaga silifa ba. Ina tunanin ɗora kowace rata a kan siririn faranti nata.

Sai maganar ɗauka. Na auna teburin, ba zai shiga keke ba, dutsen simintin kuma mutum ɗaya ba ya ɗaga shi. Dole in raba shi biyu tsakanin gada da rami, kuma yankan bai kamata ya faɗa kan goshin dogon kariya ba, saboda haka zan matsar da ramin gaba da santimita 10. Kawu ya ce zai zo ranar Laraba da tsohon ma'aunin layinsa ya nuna wa yaron yadda suke auna faɗi, in ya so mu yanka tare.